Ƙwan Zabi a Hular Kwano

Mayo Gwoi, Jalingo
5 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata ka koma Lau lafiya ranar Asabar, ruwa bai tare ka a hanya ba. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Ni lafiyata ƙalau. Mijina Elvis ya kira daga wurin aikinsa a Wukari, yana gaishe ku da kyau.

Na ba Manga direba wannan takarda ya kawo maka, tunda ka ce waya tana cinye rabin magana, kuma tsohon hedimasta ba ya amsa abin da ba a rubuta ba. To ga shi a rubuce, sai ka ɗauko tabarau.

Na gode da ƙwan zabi. Kafin ka fita gari na riga na dafa huɗu na cinye a tsaye, abin da ke cikina ma ya yi godiya da shuri biyu. Amma Baba, a cikin me ka kawo su? Hular kwanon da na saya maka a Kirsimeti, wadda na zaga kasuwa sau biyu kafin na sami daidai kanka, ita ka cika da ɓuntun shinkafa, ka jera ƙwai a ciki, ka ɗaure bakinta da tsumma ka rataye a hannun mashin. Kai kuma ka taho tun daga Lau da hular saƙa a kanka. Ka tsaya a ƙofar gida kana murmushi kana cewa, “Ko ɗaya bai fashe ba.” Ban yi maka faɗa ba ne domin maƙwabta suna kallo, kuma na yi murnar ganinka.

Shekara shida ke nan ina aikin nas a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi hatsari. Na san yadda kan mutum yake komawa in ya haɗu da kwalta, kuma ba zan rubuta maka shi ba. Abin da zan faɗa kawai, duk ranar da aka shigo da mai furfura a kan gado mai taya, sai na leƙa fuskarsa kafin in iya numfashi.

Likita ya ce haihuwa sai ƙarshen Agusta. Ina so ka riƙe jikanka na fari da hannunka, ka yi masa doguwar addu'ar nan taka da ke sa tuwo ya huce. Don Allah ka sa hular a ka.

Ka gaida Mama da dukan mutanen gida.

'Yarka,
Rejoice

*

Lau
11 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Rejoice,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alherin Ubangiji, ina sanar da ke takardarki ta iso hannuna. Na karanta ta sau biyu, na ga har yanzu rubutunki yana da kyau, aikina bai tafi a banza ba. Uwarki tana samun sauƙi. Ruwa ya zauna sosai, shinkafa ta yi kore har bakin Binuwai.

Yanzu ga maganar hula. Da farko, ki tuna Tsohuwa, wato mashin ɗina, ta shekara ashirin da bakwai a hannuna. Kina 'yar shekara huɗu na sayo ta. A kan tankinta kika koyi ƙirga, kina nuna giginyoyin bakin hanya da yatsa, in kin kai goma sai ki koma bakwai. A duk shekarun nan sau ɗaya na faɗi, shi ma akuya ce ta canza shawara a tsakiyar titi. Samarin da kike gani a asibiti gudu suke yi kamar ana bin su da bulala, mutum uku a mashin ɗaya, wani ma waya na manne a kunne. Ni kuwa mai keke yakan wuce ni ya waiwayo ya gaishe ni.

Hularki tana da kyau, ban raina ba. Amma tana da zafi, kaina yana jiƙewa da gumi, kuma in na sa ta mutane ba sa gane ni. Rabin mutanen hanyar nan na koya musu karatu. Bai kamata su ɗaga hannu su ga wani baƙin gilashi ya wuce su ba.

Ki sani kuma, tun da na bar aiki Tsohuwa ce ƙafata. Da ita nake zuwa duba marasa lafiyar ikilisiya a ƙauyuka, da ita nake zuwa karanta wa tsofaffi abin da aka rubuta a jikin magani. Wanda ya bar aiki ya zauna a gida, ba a daɗewa ake fara gaishe shi a hankali kamar mai jinya. Ban shirya wannan gaisuwar ba tukuna.

Game da ƙwai, na gwada kwali, na gwada kwano, na gwada leda, duka sai an yi asara a ramukan hanya. Hular nan kaɗai ce ba ta taɓa ba ni kunya ba. Waɗanda suka ƙera ta sun san aikinsu. Ga ashirin nan a cikinta na ba Manga, tunda wannan makon ba zan samu zuwa ba. Ki ci biyu kullum, ki mayar mini da hular.

Ubangiji ya raba lafiya.

Mahaifinki,
Obadiya

*

Mayo Gwoi
13 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka. Ina fata kuna lafiya kai da Mama.

Sau uku ke nan hular nan tana zuwa Jalingo a motar Manga, ta koma. Wato duk kwanakin da take hanya, kai kana yawon ƙauyuka da kanka a buɗe, cikin wannan santsin damina. Na yi dariya karon farko. Yanzu dariyar ta ƙare.

Ranar Talata an kawo mana wani malamin makaranta daga Yelwa. Shi ma ba mai gudu ba ne. Ya je gona ya dawo a hankali, tayar gaba ta zame a taɓo, kansa ya bugi bakin kwalbati. Jikinsa duka ko ƙwarzane babu. Matarsa ta zo da abinci a kula, tana tambayarmu ko zai iya cin yaji. Abokiyar aikina Bushra ce ta fita ta gaya mata ya rasu, ni na kasa. Na shiga ɗakin magani na zauna a ƙasa da wannan babban cikin nawa.

Don haka ga hularka nan na mayar, da ƙwan a ciki yadda ka jera su. Ban taɓa ko ɗaya ba. Ba zan ƙara cin ƙwan da ya zo a cikinta ba, ko da kuwa shi kaɗai raina yake so, kuma shi kaɗai ɗin yake so. Ranar da ka zo da ita a kanka, igiyar a ɗaure a haɓarka, ranar zan karɓi duk abin da ka kawo.

Ka yafe mini in na yi tsauri. Tsoro nake ji, Baba.

'Yarka,
Rejoice

*

Lau
2 ga Agusta

Rejoice 'yata,

Na gaishe ki, na gaida abin da kike ɗauke da shi. Ni ce uwarki Dinatu. In rubutu ya karkace ki yi haƙuri, ba ni ce hedimasta ba. Babanki bai san na rubuta ba, a coci na ba Manga bayan taron zumuntar mata.

Ke yarinyar nan kin iya harbi. Ranar da Manga ya dawo da ƙwai, babanki ya ɗora hular a cinya ya zauna a gindin mangwaro tun hantsi har rana ta juya. Na ce, “Malam, in dafa mana ne?” Ya ce a bar su, na jikansa ne. Sai da na ɗebe su a ɓoye na kai wa matar fasto kafin su lalace. Kusan sati uku bai ɗauki biro ba, shi ya sa ba ki ga amsa ba. Kar ki ce fushi ne. Shi ma kewarki yake yi, girman kai ne ya hana.

Amma akwai abin da na gani, ban gane ba, ke ce mai ilimin asibiti. Shekaranjiya da safe na fito daga kicin, na same shi a tsakar gida ya sa hular, ya ɗaure igiya, ya hau mashin yana zaune bai tayar ba. Na yi murna. Na kira shi daga baya, “Malam!” Shiru. Na ƙara. Na uku har kaji suka watse, bai juyo ba. Da na dafa kafaɗarsa sai ya zabura kamar na zuba masa ruwan sanyi. Ya cire hular, ya shige ɗaki. Na shekara talatin da biyar da mutumin nan, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba.

A coci ma yanzu ya bar kujerar dattawa ya koma can gaba kusa da fasto, wai haske ya fi. Rannan na ce masa gishiri ya ƙare, ya ce mini ai ya gaishe su.

Ya ce ranar Asabar ta sama zai zo da kansa ku shirya, zabi sun ƙara yin ƙwai. Na ce ya bi Manga, ya ce shi ba kaya ba ne. In ya zo kar ki yi masa faɗa a ƙofar gida. Ki ba shi ruwa tukuna.

Allah ya sauke ki lafiya. Zan zo da zannuwa in lokaci ya yi.

Uwarki

*

Ɗakin masu jego
15 ga Agusta

Babana,

Ina gaishe ka, ina gode wa Allah da ya bar mini wanda zan gaisar. Bushra ta ce jiya ka buɗe ido ka gane Mama, kuma ka yi alama da hannu a ba ka biro. Sun ɗaure maka muƙamuƙi, za ka yi makonni ba magana, ni kuma an yi mini aiki an hana ni tashi. Tsakanina da kai tsakar asibitin nan ce kawai, da bishiyar dalbejiya ɗaya. Bushra ta ce za ta zama Manganmu.

Ban san abin da kake tunawa ba, bari in gaya maka. Ranar Asabar da hantsi, a gangaren da ke kafin gada, wata tifar yashi ta biyo bayanka. Ka kauce wa rami ka shigo tsakiyar titi, gefenta ya goge ka, ka faɗi kanka ya bugi bakin kwalta. Allah ya sa motar Manga tana bayanku kaɗan. Ya sauke fasinja biyu ya kwantar da kai a baya. Direban tifar bai gudu ba, ya biyo ku har nan yana hawaye yana rantsuwa ya yi hon tun daga sama.

Ina gida aka kira ni. Na zo na ganka a kan gado mai taya, mai furfurar da na shekara shida ina tsoron gani. Ɗinki goma sha huɗu a ka. Ban tuna sauran ba, sai dai naƙuda ta taso mini a nan baranda.

Baba, mace ce. Ta zo da sati biyu kafin lokaci amma lafiyarta ƙalau, goshinka ne da ita sak, da wannan tattare girar ta mai duba jarrabawa. Elvis ya iso, ya ce sunanta Jennifer. Na san za ka ce sunan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki.

Jiya Manga ya zo duba ni, riƙe da hular. A cikin gonar shinkafa ya tsinto ta, ta faɗa taɓo, tsumman yana ɗaure. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Sista, mashin ya ji ciwo, Baba ya ji ciwo, amma ƙwai ɗin nan ko ɗaya bai fashe ba.” Na ƙirga, goma sha takwas. Na rungume hular na yi kuka har ɗinkina ya yi zafi.

Da ban mayar da ƙwan ba, da ba ka taso ranar ba. Wannan tunanin ya hana ni cin abinci. Ka yafe mini.

'Yarka,
Rejoice

*

Ɗakin maza, gado na shida
17 ga Agusta

Zuwa ga 'yata, uwar Jennifer,

Gaisuwa da barka da sauka lafiya. Rubutun nan ba irin wanda na koya miki ba ne, ki karanta da haƙuri. Sunan ba ya cikin Littafi, amma na karɓa.

Ki ci abinci. Umarni ne. Ba ki da laifi, kuma yau zan gaya miki mai laifin.

Shekara biyu ke nan kunnena na dama ya mutu. Na hagu ya rage, shi ma yana tafiya a hankali. Maganar waya da na ce tana cinye rabin zance, ba wayar ba ce. A coci bakin fasto nake kallo. Uwarki in ta yi magana daga bayana sai in canka, wani lokaci in dace.

Zafin hula da maganar gaisuwa duk ƙarya na yi miki, ni da na shekara talatin ina hukunta yara a kan ƙarya. Gaskiyar ita ce in na sa hular, ɗan jin da ya rage sai ya ɗauke gaba ɗaya. Bayan takardarki na gwada a tsakar gida, domin na so in zo miki da ita a kaina. Sai duniya ta yi tsit kamar na nutse a Binuwai. Na ce a raina, mutum ba zai hau titi haka ba, gara in bar kunnen a buɗe in ji motar da ke bayana.

Ga shi na bar shi a buɗe, ban ji tifar ba. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, ku daina tuhumarsa. Na gaskata ya yi hon. Abin da na tuna kawai, ina tafe ina shirya maganar da zan faɗa miki a ƙofar gida, sai inuwa ta rufe ni.

Tun da na farfaɗo abu ɗaya ke damuna. A gefen hanyar akwai mata huɗu da kaya a ka, za su kasuwa. Da direban ya kauce mini ta wajensu, da yau wani zance ake yi. Ina tsammanin kaina kaɗai nake kasada da shi.

Me ya sa ban faɗa ba? Domin ke nas ce. Na san in kin ji za ki ce in ajiye Tsohuwa, kuma za ki yi daidai. Na ji tsoron zama a gindin mangwaro ina jiran a zo a gaishe ni, a yi ta magana ina gyaɗa kai. Har yanzu ina jin tsoron. Siddiq makanike ya aiko cewa mashin za ta gyaru, ƙafar gaba ce kawai da fitila. Ban ba shi amsa ba.

Ki sumbaci goshin nan da kika ce nawa ne.

Mahaifinki,
Obadiya

*

Ɗakin masu jego
18 ga Agusta

Babana,

Ina kwana. Na ci abinci, Bushra shaida ce. Ƙwai biyu na ci, daga cikin sha takwas ɗin.

Na karanta wa Mama takardarka. Ta ce, “Ashe shi ya sa na shekara biyu ina zaginsa a hankali bai rama ba.” Sai ta rufe fuska da zani.

Ina jin kunya, Baba. Ina duba kunnuwan mutane a asibiti, na uban da ya haife ni ya mutu ban lura ba. Na yi magana da likitan kunne, zai gan ka ranar Alhamis. Akwai na'urar da ake sawa, ban yi maka alkawarin za ta mayar da komai ba, amma za mu gwada.

Maganar Tsohuwa kuwa, ba zan roƙe ka makulli ba. Na yi tsauri sau ɗaya, ya ishe ni. Kai ka san abin da ka gani a hanyar nan.

An ce gobe da safe zan iya zama a keken marasa lafiya. Ka sa a fito da kai gindin dalbejiya, wata tana son ganinka.

'Yarka,
Rejoice

*

Gado na shida
19 ga Agusta

'Yata,

Gaisuwa. Ki taɓa ƙasan ambulan ɗin nan, makullin Tsohuwa ne. Ki ce wa Siddiq ya gyara ta ya nemo mata mai kunne biyu. Elvis kuma, da na ji yana hawan mashin a Wukari, a saya masa sabuwar hula, ki gaya masa hedimasta ya ce a ka ake sa ta. Ƙwai zai riƙa zuwa a motar Manga. Ni ma haka, a kujerar gaba.

Ɗazu da kika ga ina hawaye kin zaci muƙamuƙin ne. Da Bushra ta ɗora yarinyar a kafaɗata ta hagu, sai ta buɗe baki ta tsala kuka a cikin kunnena. Na ji, Rejoice. Tun daga farko har ƙarshe na ji.

Ki kawo ta gobe ma.

Mahaifinki,
Obadiya